Hanyoyin Ƙafa Da Na Keke A Karkarar Ingila

Baƙon da ya sauka Ingila, ya fita bayan gari ran Asabar ko Lahadi, zai ga wani abu da zai ɗaure masa kai. Zai ga magidanci da matarsa da 'ya'yansu, kowa da 'yar jakarsa a baya, sun buɗe ƙofar gonar wani sun shiga, suna ratsa tsakiyar alkama ko garken tumaki, ba sallama, ba neman izini. Mai gonar kuwa yana can bisa tarakta, iyakarsa ya ɗaga musu hannu. Dalili shi ne doka ta ba su ikon bi ta nan. A Ingila da Wales akwai hanyoyi irin waɗannan da tsawonsu, in an haɗa, ya kai kimanin mil 140,000. Ƙasar ta mai gona ce, amma ikon wucewa na jama'a ne, kuma in ya toshe hanyar shi ne ya yi laifi.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba zai rasa abin kwatanta wannan da shi ba, domin ya san burtali, watau hanyar nan da ake bari tsakanin gonaki don shanu su wuce zuwa makiyaya da mashaya. Ya kuma san abin da kan biyo baya in manomi ya ci burtali kunya ɗaya bana, kunya biyu baɗi. Hanyoyin Ingila ma asalinsu ke nan. Ba don shan iska aka yi su ba tun farko. Sawun ƙafar mutanen ƙauye ne ya fitar da su, masu zuwa coci da kasuwa da injin niƙa, da fatake masu kora shanu zuwa Landan. Bambancin kawai shi ne su Turawa sun zana nasu a takarda, sun ajiye a ofis, har ya zama ana iya zuwa kotu a kansu.

Hanyoyin ba iri ɗaya ba ne, kuma mai fita da iyali ya kamata ya san alamarsu. A jikin turaku da ƙofofin shinge akan manna 'yar kibiya mai launi. Rawayar kibiya tana nufin hanyar ƙafa ce kaɗai. Shuɗiya tana nufin hanyar doki ce, mai ƙafa yana bi, mai doki yana bi, kuma tun daga dokar 1968 mai keke ma yana bi, da sharaɗin ya kauce wa mai ƙafa da mai doki. Ja kuwa tana nufin har mota tana da iko, saboda haka mai ƙananan yara sai ya yi hattara. Manomi yana iya nome hanyar da ta ratsa tsakiyar gonarsa, amma wajibi ne ya mayar da ita yadda za a gane ta cikin kwana 14, kuma in hanyar ƙafa ce faɗinta kada ya gaza mita ɗaya. Har bijimai doka ta yi magana a kansu: ba a yarda a saki bijimin shanun madara da ya wuce wata 10 a filin da hanyar jama'a ta ratsa ba, saboda an san su da faɗa.

To, amma fa kada mai sauraro ya zaci masu ƙasa ne suka wayi gari suka yi wa talakawa kyauta. Kusan kowane wurin shan iska da ake alfahari da shi a yau, sai da aka yi ja-in-ja kafin a same shi. A dubi gandun Richmond, a kudu maso yammacin Landan, mai faɗin kimanin eka 2,500. Sarki Charles na Ɗaya ne ya kewaye shi da katanga a 1637 don farautar barewa. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, gimbiya Amelia, 'yar Sarki George na Biyu, ta rufe ƙofofinsa sai ga wanda ta ga dama. Wani mutumin garin mai suna John Lewis, wanda sana'arsa dafa giya, ya kai ƙara, kuma a 1758 alƙali ya ba shi gaskiya a kan 'yar sarki, aka buɗe wa masu ƙafa hanya. Yau akwai hanya mai kimanin mil 7 da ta zagaye gandun ta ciki, masu keke da masu ƙafa suna bi tare, barewa wajen 600 suna kiwo a gefe. Haka nan dajin Epping, a arewa maso gabashin birnin, mai kimanin eka 6,000: masu hali sun yi ta yanka shi suna kafa shinge, sai da majalisa ta yi doka a 1878 ta danƙa shi ga hukumar tsohon birnin Landan don amfanin jama'a. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kai mutum har kusa da bakinsa.

Rigimar da ta fi suna ita ce ta tudun Kinder Scout, a arewacin Ingila. A farkon ƙarni na ashirin ma'aikatan masaƙun Manchesta da maƙerun Sheffield suna kwana shida cikin hayaƙi da ƙara, ran Lahadi kaɗai ke gare su. Daga bakin gari suna hango tuddai, amma yawancin tuddan nan masu sarauta sun killace su don harbin wani tsuntsu mai kama da fakara, harbin da ba ya wuce 'yan makonni a shekara. An sa masu gadi da sanduna suna korar duk wanda ya hau. Ran 24 ga watan Afrilu na 1932, mutane kimanin 400 suka taru a ƙauyen Hayfield, bisa jagorancin wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Benny Rothman, suka hau tudun da gangan, da rana tsaka. Aka yi 'yar dambarwa da masu gadi. Da suka sauko 'yan sanda suka kama wasu, aka ɗaure mutum biyar, daga mai wata biyu zuwa mai wata shida.

Hukuncin nan ya fi laifin nauyi, kuma shi ne ya jawo musu tausayin mutanen da da ba su damu ba. Ya kamata dai a faɗi gaskiya: manyan ƙungiyoyin masu yawon ƙafa na lokacin ba su goyi bayan samarin ba, suna ganin za su ɓata musu shirin da suke yi da masu ƙasa cikin lalama, kuma har yanzu masana tarihi suna gardama a kan ko hawan tudun ne ya kawo canji, ko kuwa aikin haƙuri na shekara da shekaru a majalisa. Mai yiwuwa kowanne ya yi nasa. Abin da ba a gardama a kai shi ne a 1949, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, majalisa ta yi dokar kafa gandayen ƙasa da buɗe karkara, ta kuma umarci ƙananan hukumomi su zana kowace hanyar jama'a a taswira ta hukuma. A 1951 aka kafa gandun ƙasa na farko, watau Peak District, mai murabba'in mil 555, kuma Kinder Scout yana cikinsa. A 2002, da ake bikin cika shekara 70, basaraken Devonshire na lokacin ya tsaya gaban jama'a ya nemi gafara a kan abin da aka yi a zamanin kakansa. Rothman bai ji da kunnensa ba, ya rasu a farkon shekarar.

In an ce gandun ƙasa, mai sauraro a Afirka zai tuna da Yankari a Najeriya ko Waza a Kamaru, inda akwai ƙofa da kuɗin shiga da ma'aikatan daji da namun dawa. Na Birtaniya, su 15, ba haka suke ba. Babu katanga, babu kuɗin shiga. A cikinsu akwai ƙauyuka da makarantu da gonaki, kuma yawancin ƙasar mallakar mutane ce. Aikin hukumar gandun shi ne ta sa ido a kan gine-gine, ta kula da hanyoyi, ta sasanta tsakanin mai kiwon tumaki da ɗan birni da ya zo shan iska. Daga baya an ƙara faɗaɗa ikon jama'a. Dokar shekarar 2000 ta ba mai ƙafa damar barin hanya ya yi yawo yadda ya so a kan duwatsu da tuddai da filayen gama-gari da aka zana, ko da yake waɗannan ba su wuce kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila ba, kuma ikon bai haɗa da keke ba. Skotland ta fi sakin hannu, domin dokarta ta 2003 ta buɗe kusan dukan karkara ga mai ƙafa da mai keke, muddin ya yi ladabi.

Sai dai tuddan da aka yi faɗa a kansu ba wurin kai jariri ba ne. Kinder Scout tsayinsa mita 636 ne, samansa taɓo ne da hazo. Hanyar Pennine da aka buɗe a 1965, wadda ta tashi daga ƙauyen Edale a gindinsa ta miƙe mil 268 har cikin Skotland, ta ƙarfafa ce masu makonni biyu ko uku na hutu. Abin da ya buɗe wa mai iyali ƙofa ya zo ne daga inda ba a zata ba, watau daga mutuwar jiragen ƙasa.

A 1963 shugaban hukumar reluwe, Dokta Richard Beeching, ya fitar da rahoto cewa a rufe layin dogo kimanin mil 5,000 da tashoshi fiye da 2,300, saboda ba sa kawo riba. Mutanen ƙauyuka sun yi kuka, kuma har gobe akwai masu tsine wa sunansa. Aka ciccire ƙarafa, aka bar hanyoyin ciyawa ta cinye. Amma layin dogo yana da wata baiwa. Jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsauri, saboda haka injiniyoyin da suka yi hanyar sun riga sun fasa duwatsu, sun cike kwaruruka, sun gina gadoji, har ta kwanta kusan shimfiɗe. Ga shi kuma ba mota. Hanyar da aka yi wa jirgin kwal sai ta zama daidai da ƙafar yaro ɗan shekara biyar mai koyon keke, da tsohuwa mai sanda, da mai keken guragu, da uwa mai tura keken jariri.

Hukumar Peak District tana cikin waɗanda suka fara ganin haka. A 1971 aka buɗe hanyar Tissington, mil 13 daga garin Ashbourne zuwa Parsley Hay, inda akwai wurin hayar keke, har da masu 'yar kujera ko amalanke a baya don ƙananan yara. Wadda ta fi farin jini ita ce hanyar Monsal, mil 8 da rabi, kusa da garin Bakewell, a kan layin da jiragen Manchesta zuwa Landan suke bi kafin a rufe shi a 1968. An buɗe ta ga jama'a a 1981, amma shekara 30 manyan ramukan da aka huda cikin duwatsu suna rufe, sai mutum ya hau ya kewaye. A 2011 aka gyara guda huɗu, aka sa musu fitilu, kowanne tsawonsa ya kai wajen mita 400 ko fiye. Yara ba su da abin da suke so kamar su shiga duhun nan mai sanyi suna ihu muryarsu tana dawo musu, su ɓullo kawai sai ga su a kan doguwar gada, kogin Wye yana can ƙasa. Abin dariya shi ne bayan da aka gina gadar nan a 1863, mashahurin marubuci John Ruskin ya yi Allah wadai da ita, ya ce an ɓata kwarin. Yau doka ce take kare ta, kuma hotonta ake sayarwa baƙi. Mai zuwa dai ya lura, da magariba akan kashe fitilun.

A kudu kuma wasu 'yan birnin Bristol suka kafa ƙungiyar masu keke a 1977, wadda daga baya aka san ta da suna Sustrans. Tsakanin 1979 da 1986, da aikin gayya, suka mai da tsohon layin Bristol zuwa Bath hanyar keke mai kimanin mil 13. A 1995 suka sami fam miliyan 42 da rabi daga asusun cacar ƙasa, suka fara haɗa hanyoyin keke na ƙasa baki ɗaya, waɗanda suka zarce mil 12,000, masu alamar lamba fara cikin jan akwati. A nan akwai tarko ga wanda bai sani ba: fiye da rabin wannan tsawo a kan titunan mota yake, don haka ganin lambar kaɗai bai isa a saki yaro ba, sai an duba ko sashen da za a bi ba mota. Hatta tsofaffin layukan dogo ba duka ne shimfiɗaɗɗu ba. Hanyar High Peak, maƙwabciyar Tissington, tana da gangara masu tsauri ta wajen Cromford, domin a zamanin da da igiya da inji ake jan taragai a hau da su. A can Cornwall kuma akwai hanyar Camel mai mil 18, kuma wanda ya ji Turanci ya tafi da niyyar ganin raƙumi zai dawo da takaici, sunan kogi ne kawai.

Babban abokin gabar mai iyali a hanyoyin gona shi ne matakalar tsallake shinge, ta katako ko ta dutse, wadda aka yi don mutum ya wuce tunkiya ta kasa. Keken jariri ba ya hawanta, mai ciwon gwiwa ma haka. Saboda wannan ne hukumomin Lake District da Peak District da wasunsu suka tsara jerin hanyoyi marasa matakala, suka bayyana tsawon kowace da irin ƙasarta da inda bayan gida yake. Taswirar hukumar safiyo ta ƙasa, mai bangon ruwan lemo, ita ma tana nuna hanyoyin jama'a da koren zane, har da kowane shinge. Ana samunta a wayar hannu, amma cikin kwari sau da yawa waya ba ta kamawa, kuma sanyi yana shanye batir, shi ya sa tsofaffin hannu ba sa rabuwa da ta takarda.

Haɗarin karkarar Ingila ba irin wanda mutumin Afirka ya saba tsoro ba ne. Babu kura, babu zaki, maciji mai dafi iri ɗaya ne tak, shi ma gudun mutane yake yi. Abin tsoro shi ne sama. Ana iya fita da rana tas, kafin azahar hazo ya rufe, ruwa mai sanyi ya sauko, kuma yaro yana saurin ɗaukar sanyi fiye da babba. Rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa sun fi kowane guzuri. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusan a jere, sai mai salla ya tafi da ruwan alwala da abin shimfiɗawa da ba ya jiƙa. Na biyu shi ne saniya mai ɗan maraƙi, musamman in ta ga kare. Shawarar hukuma ita ce in shanu suka taso, a saki igiyar karen, shi zai tsere da kansa. A Richmond ana gargaɗin a bar tazarar mita 50 tsakanin mutum da barewa, balle da kaka lokacin barbara. Sai kaska, wadda take maƙalewa daga dogayen ciyayi tana iya sa cutar da ake kira Lyme, don haka in an dawo gida a duba jikin yara. In kuwa wani ya ɓata ko ya karye a kan tudu, lambar 999 ake bugawa a nemi 'yan sanda, su kuma su kira masu ceto na duwatsu, waɗanda 'yan sa-kai ne, ba a biyansu, ba sa kuma karɓar ko kwabo.

Ladubban da ake nema ba su da yawa, an fara rubuta su tun 1951: a bar ƙofa yadda aka same ta, a kwashe shara a koma da ita gida, kada a hura wuta, mai keke ya kaɗa ƙararrawa ya rage gudu. Manomi yana da gaskiya in ya yi fushi, domin ƙofa ɗaya da aka bari buɗe tana iya sa ya yini yana neman tumakinsa. Amma shi ma ƙauyen ya san amfanin baƙin. A 2001, da ciwon baki da kofato ya faɗa wa dabbobi aka rufe hanyoyin ƙafa na watanni, masu masauki da masu shaguna da masu sayar da abinci a karkara suka ga ta kansu.

Akwai wata tambaya da ba a son yi a da, yanzu kuwa hukumomi da kansu suke yin ta: su wane ne ba a gani a hanyoyin nan? Binciken da gwamnati ta sa Julian Glover ya jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya nuna cewa baƙaƙen fata da 'yan Asiya da marasa hali ba su cika zuwa gandayen ƙasa ba, kuma da yawansu suna ganin wurin kamar ba nasu ba ne. Dalilan a fili suke. Akwai tsadar mota da tufafin sanyi, akwai ƙarancin bas zuwa ƙauyuka, akwai rashin wanda ya taɓa kai mutum yana yaro, akwai kuma kallon da akan bi baƙo da shi. Mai aikin dare a asibiti ko mai tuƙa tasi, wanda hutunsa barci ne da ziyarar 'yan'uwa, ba lalle ya ga dalilin zuwa taka taɓo ba. Amma 'ya'yansa a nan aka haife su, cikin ɗaki suke yini, kuma da harajinsa ake gyara hanyoyin. A 2020 wani mutumin Coventry mai suna Haroon Mota ya kafa ƙungiyar Musulmi masu yawon ƙafa. Ranar Kirsimeti ta 2021 mutum fiye da 100 suka hau tudun Mam Tor tare da shi, maza da mata. Da hotunan suka fito a Facebook wasu suka yi ta zagi, suna cewa sun zo ɓata wuri. Jama'a da dama suka tashi suka kare su, ƙungiyar kuma ta ƙara cika. Mam Tor kuwa yana kallon Kinder Scout, kwari ɗaya ne tsakaninsu.

Maganar hanyoyin kansu ma ba ta ƙare ba. Lokacin da aka zana taswirar hukuma bayan 1949, aikin ya faɗa hannun ƙananan majalisun ƙauyuka, wasu suka yi da kyau, wasu suka yi sakaci, a wasu wuraren kuma mai gonar da hanya ta ratsa shi ne shugaban majalisar. Hanyoyi da yawa suka zube. A ƙa'idar shari'ar Ingila, hanyar jama'a ba ta mutuwa don an daina bin ta, sai dai in doka ce ta rufe ta, saboda haka ana iya dawo da ita in an kawo shaida. Dokar 2000 ta sa wa'adi cewa duk tsohuwar hanyar da ba a rubuta ba kafin 1 ga Janairu na 2026 ta tafi ke nan. Ƙungiyar Ramblers ta masu yawon ƙafa ta tara dubban 'yan sa-kai suka gwada tsofaffin taswirori da na yanzu, a 2020 suka ce sun gano fiye da mil 49,000 da ake zaton sun ɓace. Aka ɗaga wa'adin zuwa 2031, sa'an nan a ƙarshen 2024 gwamnati ta ba da sanarwar za ta soke shi a Ingila. Masu ƙasa ba su ji daɗi ba, suna cewa ba za su taɓa samun kwanciyar rai a kan gonakinsu ba. Kowace hanya dai sai an shigar da takardarta daban, da kwafin tsohuwar taswira ko shaidar cewa jama'a sun shekara 20 suna bi ba wanda ya hana, kuma a ƙananan hukumomi da yawa takardun sun taru, ma'aikatan da za su duba su kaɗan ne, har mai ƙara yakan shekara da shekaru yana jiran amsa.